Babur Mai Ƙafa Huɗu da Dattawan Manoma

A ƙasashen da ake kiwon tumaki da shanu a gonaki masu faɗi, irin su Ostareliya da Niyu Zilan da Ailan, akwai abin hawan da ya gaji doki a wurin makiyayi, wato babur mai ƙafa huɗu, wanda kamfanin Suzuki na Japan ya fitar a 1982, bayan mai ƙafa uku ya riga shi shiga kasuwa, har yawan kifewar mai ƙafa ukun ya sa aka daina sayar da sababbinsa a Amurka a 1988. Wanda ya ga tayoyi huɗu masu kauri zaune daram a ƙasa sai ya zaci babu abin da zai kayar da shi, alhali kuwa nauyinsa a sama yake, tsakanin tayoyinsa kuma babu faɗi, ta yadda ɗan rami da ciyawa ta rufe, ko dutse a gefen gangara, ya isa ya juyar da shi.

Asalin al'amarin shi ne an ƙera wannan babur bisa sharaɗin mahayi zai taimake shi da jikinsa: in zai hau tudu ya karkato gaba, in zai gangara ya ja baya, in yana ratsa gefen tudu ya jingina nauyinsa wajen tudun, kuma duk wannan cikin ƙiftawar ido. To, dattijon da ya haura saba'in, wanda ciwon gwiwa da na ƙugu ne suka raba shi da tafiyar ƙasa har ya koma ga babur, shi ne mafi ƙarancin iko da cika wannan sharaɗi, balle in gani ya ragu, ko yana shan maganin da ke kawo jiri. Su kuwa dattawan ba kaɗan ba ne a wannan sana'a, domin a Ailan, a 2020, kusan kashi ɗaya cikin uku na masu gonaki sun kai shekara 65.

Abin lura, galibi ba gudu ne musabbabin mutuwar manomi ba. Yana tafiya a hankali, hankalinsa na kan garke, wataƙila da tankin maganin feshi a baya wanda ruwansa ke kai da komo, sai babur ya kife ya danne masa ƙirji. Babur ɗin gona kuwa yakan kai kilo 300 ko fiye, nauyin da ko saurayi da ƙyar zai ture, ina ga mai raunin haƙarƙari. Numfashi ya gagara, ga shi shi kaɗai a bayan gona, iyali kuma ba za su fara cigiya ba sai sun ga lokacin abinci ya wuce. Ajali ba ya jinkiri, haƙiƙa, amma malamai ba su taɓa cewa tawakkali ya soke riƙon sababi ba.

Hukumomi sun saɓa a kan magani. Ostareliya ta kafa ƙa'ida a 2019, wadda daga Oktoba 2021 ta wajabta sanya wani ƙarfe a bayan wurin zama na kowane sabon babur na aiki, ba don ya hana kifewa ba, sai don ya tokare ƙasa ya bar wa mutum sararin numfashi. Kamfanonin Honda da Yamaha ba su gamsu da hujjar ba, suka gwammace su janye irin waɗannan babura daga kasuwar ƙasar. Ailan kuwa, daga Nuwamba 2023, horo da hular kwano ta wajabta wa mai hawa don aiki. A ganina hular tana tsare kai, amma ba ta ɗaga nauyi daga ƙirji, dokar Ostareliya kuma ba ta shafi tsohon babur da ke rumfar dattijo ba, sai in shi ya ga dama ya sa ƙarfen. Wanda ke da hali gara ya koma ga ƙaramar motar gona mai kejin ƙarfe da bel. Wanda ba shi da shi ya faɗa wa iyalinsa inda ya nufa da lokacin komowarsa, ya kuma bar wayarsa a aljihun rigarsa, ba a akwatin babur ba.