Hasumiyar Fitila Mai Tsaron Ƙofar Ikko

'Yan Arewa da yawa sun tsufa a Apapa da Idi-Araba da Agege, amma kaɗan ne suka taɓa ganin hasumiyar fitilar da ke bakin teku kusa da Tarkwa Bay, inda sai da kwalekwale ake zuwa. Turawan mulki ne suka gina ta a ƙarshen ƙarni na 19, don matuƙan jiragen ruwa su gane mashigin Ikko da dare.

A zamanin nan mashigin abin tsoro ne ƙwarai. Tarin rairayi ya tare bakinsa, igiyar ruwa kuwa ta sha kifar da jirage. Saboda haka manyan jirage sai su tsaya can cikin teku, ko su wuce Forcados, a juye kaya cikin ƙanana. Fitilar tana nuna ƙofa, amma ba ta iya buɗe ta.

Da Gwamnati ta ga haka, sai ta sa aka yi ta jido duwatsu daga wajen Abeokuta a jirgin ƙasa, aka gina dogayen ganuwa cikin teku, aka yashe mashigin. A 1914 babban jirgin wasiƙu, Akoko, ya shigo har cikin tasha. Daman hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano tun 1911. To, daga nan gyaɗa da auduga da fatun Arewa suka riƙa gangarowa, su fita ta gaban fitilar nan zuwa Ingila.

Sai dai gyaran ya zo da tasa ɓarnar. Teku a nan tana tura rairayi ne daga yamma zuwa gabas. Ganuwar ta tare shi, ya taru a gefen hasumiyar har gaɓa ta yi mata nisa, gefen Bar Beach kuwa ruwa ya yi shekaru yana cin ƙasa.

Yau jirage da tauraron ɗan'adam suke gane hanya, kuma ginin da aikinsa ya ragu shi ake fara mantawa, ga iskar gishiri ba ta raga wa ƙarfe. Ya kamata Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa, wadda ta fara aiki a 1955, ta riƙa kula da ita, a kuma kai 'yan makaranta su gani. Gumin manomin Kano da na lebura a Apapa duk ta ƙarƙashin haskenta suka wuce.