Gulbin Kaba: dukiyar da muke yanka tun ba ta girma ba

Ƴan uwanmu da ke zaune a Kwatano, Legas ko Abijan sun san wani daji da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin teku. Kifi na hayayyafa tsakanin saiwoyinsa, masunta na ci da shi, yana kuma tare ruwa kada ya cinye gari. Mu nan ba mu da teku, amma muna da namu dajin: goruba da kabar Gulbin Kaba, kwarin da ya ratsa gundumomin Tasawa da Mayahi. Sunan gulbin ma daga kabar ya samo asali.

Ruwa ba ya gudu a gulbin kamar da, sai dai yana kusa a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa goruba ke jin daɗin wurin. Ita kuwa babu abin yarwa a jikinta. Da kaba ake saƙa tabarma, a tufka igiya, a yi malfa da mahuci. Ɗiyanta yara su gwigwiya, mata su daka su sayar da garin, ƙodagon ya shiga murhu. Gungumen kuma ya yi rufin ɗaki.

Amma a duba lokacin da kuɗin kaba ke shigowa gida: rani da bazara, sa'ar da rumbu ya fara nuna gindi. Tabarmar da uwargida ta kai kasuwa ita ke komawa tiyar hatsi, sabulu, ko maganin yaro. Kuɗi ne da ke faɗawa hannun mace kai tsaye, ba sai ta jira aike daga ƴan ci-rani ba. Ƴan kasuwa kuma na ɗaukar tabarmin nan har Najeriya.

To ina matsalar? Kaba ai ƙaramar goruba ce. In kullum ana yanke ta, har da sabon tohon da ke tsakiya saboda ya fi laushin saƙa, ba za ta taɓa miƙewa ta zama itace ba. Sai ka ga fili ya cika da kaba, kowa na cewa akwai arziki, alhali manyan gorubobin tsofaffi ne, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya babu magaji. Ga kuma tsinkar ɗiya ɗanye don shan kwalshi, wadda ke hana iri ya nuna. A tuna fa, goruba akwai namiji akwai mace, macen kaɗai ke yin ɗiya.

Maganin ba baƙo ba ne gare mu. Sassaben zamani, wanda ya fara yaɗuwa a jahar Maraɗi tun wajen 1984, shi ne ya dawo da gawo gonaki da yawa. Haka ake yi wa kaba: a kowane cunkus manomi ya zaɓi toho ɗaya ko biyu masu ƙarfi, ya yi musu alama, a yanki sauran.

Wuyar aikin ita ce mai gona ba shi kaɗai ke shiga gonarsa da rani ba. Masu yankan kaba na shiga, dabbobin makiyaya na shiga. In mai gari, ƙungiyoyin mata, makiyaya da ma'aikatan gandun daji ba su zauna sun yarda cewa toho mai alama ba a taɓa shi ba, kulawar shekara uku na iya tafiya a yanka guda.