Hukuncin Sayar Da Rigar Ƙwallo Mai Sa Hannun Da Ake Shakka A Kansa

TAMBAYA

Ni ɗan kasuwa ne a Kebbe, ina sayar da riguna da takalman ƙwallo, ina kuma kai kaya Tambuwal. A wani gwanjo da aka yi ta WhatsApp na sayi wata riga da tsada, saboda an ce wani shahararren ɗan wasa ne ya sa hannu a kanta, har da takardar shaida. Da ta iso, wasu da suka san harkar suka ce sa hannun jabu ne, wanda ya sayar mini kuma ya rantse na gaske ne. Yanzu ga wani yana so ya saya da riba. Ya halatta in sayar masa in yi shiru? Kuma ina da damar mayar da ita?

AMSA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya kai ɗan'uwa, fara da sanin abin da ka saya. Yadin rigar kuɗinsa sananne ne a kasuwa. Abin da ka ƙara a kai kuɗin wata magana ce, wato cewa wane ne ya sa hannu da kansa. In maganar ta tabbata, an ba ka abin da ka biya. In ƙarya ce, an ci wannan ƙarin ba da haƙƙi ba. Hukuncin ba zai canja ba da a ce takarda aka kawo maka aka ce rubutun hannun Malam Buhari ɗan Shehu ne, wanda ya zauna Tambuwal.

Shi kansa gwanjo, wato cinikin da ake barin kaya ga wanda ya fi kowa tayi, mafi yawan malamai sun halatta shi, a littattafan fiƙihu ana kiransa muzayada. Abin da aka haramta a cikinsa shi ne najashu: mutum ya riƙa ƙara tayi alhali ba saye zai yi ba, don a ruɗi wani. Bukhari da Muslim sun ruwaito hanin daga Ibn Umar. A gwanjon waya wannan ya fi sauƙi, domin mutum ɗaya zai iya yin tayi da layuka uku. A mazhabar Malikiyya, idan ta tabbata mai kaya yana da masaniya, mai saye yana da zaɓin mayarwa.

Wannan rigima ba a kanka aka fara ta ba. A watan Mayun 2022 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da rigar da Diego Maradona ya sa a wasan Ajantina da Ingila na 22 ga Yunin 1986 a Meziko, a kan sama da fam miliyan 7. Mai rigar shi ne Steve Hodge, ɗan wasan Ingila da ya yi musaya da shi bayan an tashi. Kafin a sayar, 'yar Maradona mai suna Dalma ta ce wannan ta kafin hutun rabin lokaci ce, ba ita ce ya ci ƙwallayen biyu da ita ba. Kamfanin ya amsa cewa masana sun gwada rigar da hotunan wasan sun ga ta dace. A Amurka kuma, a 1999 hukumar FBI ta kai samame kan wasu gungu da ke ƙirƙirar sa hannun 'yan wasa, suna haɗawa da takardun shaida, su ma na jabu. To ka ga takarda ita kaɗai ba hujja ba ce, sai an san wanda ya bayar da ita.

Malamanmu sun daɗe da hanyar tantance irin wannan. Ta farko ita ce isnadi: daga wa ka samu, shi kuma daga wa, har a kai ga asali, kuma kowa a cikin jerin a san amanarsa. Ta biyu ita ce gwada abu da tarihi. An taɓa kawo wa Alkhaɗibul Bagadadi, wanda ya rasu a 463 bayan Hijira, wata takarda wai Manzon Allah (SAW) ya ɗauke wa mutanen Khaibara jiziya. Ya duba sunayen shaidu ya ce jabu ce, domin akwai Sa'adu ɗan Mu'azu, wanda ya rasu kafin yaƙin Khaibara, da Mu'awiya, wanda bai musulunta ba sai bayansa. Kai ma tambayi: a ina aka sa hannun, yaushe, wa ya gani? Shin a shekarar da aka faɗa an ma fara yin wannan samfurin riga? Ta uku ita ce shaida a kan rubutu. Malikiyya sun yarda da ita a sha'anin dukiya, amma daga adilai biyu da suka san rubutun mutumin sani na yaƙini. Wanda ya ga hoto a waya bai kai wannan matsayi ba, ko mai gaskatawa ne ko mai ƙaryatawa.

Game da tambayarka ta farko: bai halatta ka sayar ka yi shiru ba. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya sa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji laima a ƙasa, ya zargi mai shi da bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma barrantar da kansa daga mai algus. Shakkar da ka ji ita ce laimar rigarka. Duk abin da ka san mai saye zai rage tayi ko ya fasa idan ya ji shi, wajibi ne ka faɗa. Cewa kai ma haka aka sayar maka ba uzuri ba ne, wanda aka cuta ba a ba shi izinin cutar wani ba. Idan kuma kuka ɗaga farashi a kan "wataƙila na gaske ne", kun shiga garari, domin ɗayanku zai ci ɗaya ya faɗi bisa abin da babu wanda ya sani. Mafi kuɓuta shi ne ka bayyana komai, ka sayar da ita a kuɗin riga irin tata, ko ka riƙe har gaskiya ta fito.

Game da ta biyu: idan an ambaci sa hannun a cikin ciniki kuma ta tabbata jabu ne, kana da zaɓi, ko ka mayar ka karɓi kuɗinka duka, ko ka riƙe da yardarka. Wannan haƙƙi yana nan ko mai sayarwa bai san jabu ba ne. Rashin saninsa yana ɗauke masa zunubi, bai halatta masa kuɗin ba. Rantsuwarsa kuma ba ta mayar da ƙarya gaskiya. Sai dai zato kaɗai ba ya warware ciniki. Ka adana saƙonninku da shaidar biyan kuɗi, ka sanar da shi nan take, kada ka sa rigar ko ka kai ta kasuwa bayan ka tabbatar, domin ana ɗaukar hakan a matsayin yarda. Ku fara da sulhu a gaban shugabannin kasuwa. In ya ƙi, sai alƙali, shi kuma zai nemi ra'ayin masana abin, kamar yadda ake yi a aibin dabba. Dillalin da ya sani ya rufa, yana da kasonsa na zunubi, ladansa ma ba halal ba ne.

Nasiha ga 'yan'uwa maza da mata: sa hannun ɗan wasa ba ya ɗauke da wata albarka, zuba dukiya mai yawa a kansa alhali akwai haƙƙin iyali da bashi almubazzaranci ne. A kuma guji rigar da ke ɗauke da tallar caca ko giya, ko da sa hannunta na gaske ne.

Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya tsare mu da cin haƙƙin mutane. Allah ne Mafi sani.