Kwikwiyo a Gidan da Ke da Yara

Bahaushe bai taɓa raga wa kare a baki ba. In ya ga abin da bai dace ba, ya ce abin mamaki, kare da tallan tsire. In ya ga mai ƙiyayyar da ba za ta kai shi ko'ina ba, ya ce kare ka mutu da haushin kura. Amma shi ɗin ne dai, in an gama girbi aka buga gangar farauta, ba ya shiga daji sai da karnuka a gabansa, kuma shi ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Makiyayi a ruga yana samun barci ne saboda karensa bai yi ba. Yanzu da dare ya zama abin fargaba a unguwanni da ƙauyuka da dama, gidajen da a da ba za su kalli kare ba sun fara neman kwikwiyo, kuma yawancinsu cike suke da ƙananan yara.

Maganar ba sabuwa ba ce a wurin malamai. Risala, wadda ɗalibai ke karantawa a zaurukanmu, ta taƙaita ajiye kare ga mai gona, mai dabbobi da mafarauci. Sai dai masu sharhinta sun kawo cewa mawallafin da kansa, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi a wani zamani na tsoro. Da aka tuna masa cewa Imam Malik ya ƙi hakan, sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. Mai niyya ya tambayi malaminsa. Wanda kuwa ya riga ya kawo kare gida, hakki biyu sun hau kansa, na dabbar da na 'ya'yansa.

Karya tana ɗaukar ciki kwana 63 ko kusa da haka. Kwiyakwiyi suna zuwa duniya ido a rufe, kunne a toshe, hanci ne da ɗumin jikin uwa ke kai su ga nono. Sai bayan kamar mako biyu ido ke buɗewa. Daga mako na 3 zuwa na 12 kwikwiyo yake tsara duniyarsa: duk abin da ya haɗu da shi cikin lumana a wannan tsakani, kukan jariri ne, ƙarar babur, kaji, akuya, dattijo mai sanda ko mace mai hijabi, ya zama na gida ke nan a wurinsa. Abin da bai gani ba, ko ya gani da azaba, zai girma yana tsoronsa, kuma karen da ke cikin tsoro shi ne mai cizo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada a raba shi da uwarsa kafin mako 8, domin a cikin 'yan'uwansa yake koyon auna ƙarfin haƙorinsa: in ya ciji ɗan'uwa da zafi, wancan ya yi ƙara, wasa ya tsaya. Wanda aka ɗauko a kwali yana ɗan wata ɗaya bai sami wannan karatu ba, a jikin yaran gida zai nemi ya yi shi.

Akwai wata al'ada da nake ganin ita ce tushen yawancin masifar. Ana ɗaure kare da sarƙa a bayan gida ko a kulle shi a keji wuni guda, ba ya ganin kowa, a rage masa abinci, wai don ya yi zafi. Yana yin zafin kuwa, amma ba ya bambance ɓarawo da yaron maƙwabta da aka aiko da kwanon tuwo. Karen gadi na ƙwarai shi ne wanda ya san mutanen gidansa ɗaya bayan ɗaya, ya san masu shigowa kullum, don haka in baƙon dare ya taɓa katanga ya gane, ya tashi gida da haushi. Haushin nan shi ake bukata.

Horon kansa ba wuya gare shi ba, naci yake so. Kalmomi kaɗan, gajeru: zo, zauna, bari, tafi. Kowa a gidan ya yi amfani da su iri ɗaya, kada maigida ya hana abu uwargida ta ƙyale. A riƙe ɗan ƙuli-ƙuli ko tsokar nama a saman hancinsa, a ja shi baya kaɗan, gindinsa zai sauka ƙasa da kansa. A ce "zauna", a ba shi nan take. Nan take ɗin shi ne sirrin, domin kare yana haɗa sakamako ne da abin da ya yi yanzu-yanzu. Wanda ya dawo da yamma ya doke shi a kan takalmin da ya tauna da safe bai koya masa komai ba sai tsoron dawowar maigida. Taunar ma da dalilinta. Haƙoran nono 28 ne ke zubewa, manya 42 su fito kafin ya cika wata bakwai, dasashi yana masa ƙaiƙayi. A ba shi abin taunarsa, a ɗauke silifas daga ƙofar ɗaki. Horon minti biyar sau biyu ko uku a rana ya wadatar.

Rabin aikin da ya fi nauyi a kan yara yake. Kowane yaro ya san tatsuniyar jaki da akuya da kare da suka shiga mota: jaki ya biya kuɗinsa cif, shi ya sa ba ya kauce wa mota, akuya ba ta biya ba, shi ya sa take gudu, kare kuwa ba a ba shi canjinsa ba, har yau yana bin kowace mota. A yi amfani da ita a koya wa yaro gaskiyar da ke ciki. Kare jikan kyarkeci ne, duk abin da ya ruga sai jininsa ya ce masa ya bi. Yaron da ya kwasa da gudu yana ihu ya gayyato shi ke nan. In kare ya taso masa, ya tsaya cak, ya naɗe hannuwa a ƙirji, ya kau da ido. Ba a taɓa kare yana cin abinci, ba a taɓa shi yana barci, ba a kusantar karya mai shayarwa. Ba jan kunne, ba jan wutsiya, ba hawa bayansa, ba kai fuska kusa da tasa. Jifan kare da yaranmu suka ɗauka wasa a hana shi da gaske, haka nan cuna shi a kan wani, ko da raha ne.

Kare ba ya cizo sai ya yi magana, mu ne ba ma ji. Da farko zai yi hamma ba don barci ba, ya lashi leɓe, ya juyar da kai har farin idonsa ya bayyana. In ba a bar shi ba jikinsa ya sandare, sannan ya yi gurnani. Kaɗa wutsiya ma ba kullum murna ba ce. In ta miƙe sama tana rawa a ƙage, a ja baya. Babban kuskure shi ne a doke shi don ya yi wa yaro gurnani. An koya masa ke nan ya daina gargaɗi, gobe sai dai a ji kukan yaro. In ya yi gurnani a janye yaron, a duba abin da ya takura shi. Yaro mai rarrafe ko tatata bai san wannan yare ba, fuskarsa kuma daidai take da bakin kare, shi ya sa cizon ƙananan yara ya fi yawa a fuska da wuya, kuma sau da yawa karen da suka sani ne. Komai kirkin kare, ba a barin sa da ƙaramin yaro babu babba a wurin, ko na ɗan shiga kicin ne.

Kare ya sami wurinsa na kansa. Karen As'habul Kahfi a bakin kogo ya kwanta, na gida ma bakin zaure ko wata kusurwa mai inuwa ta ishe shi, inda in ya je yara sun san an gama wasa. Ranar suna ko biki, da gida ya cika da baƙi, a kai shi can. In an yi haihuwa, a fara ba shi zanen jaririn ya sansana, domin da hanci yake sanin nasa. Ruwa kada ya yanke masa, musamman a bazara, tunda kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi. Cika masa kwanon ruwa aiki ne da ya dace da yaro ɗan shekara bakwai, a haɗa masa da hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya ɗebo ruwa a rijiya da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi. In yaron ya gama ya wanke hannu da sabulu, shi kuma karen a riƙa ba shi maganin tsutsar ciki, a cire masa kaska.

Sai ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum 59,000 a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, kusan babu mai tashi. Rigakafinsa kuwa yana nan tun 1885, lokacin da Louis Pasteur ya ceci wani yaro ɗan shekara tara a Faransa, kuma cibiyar binciken dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin allurar karnuka. A yi wa kwikwiyo ita yana wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya tsara. A gaya wa yara su faɗa in kare ya cije su ko ya yakushe su, a kuma yi masu alkawarin ba za a doke su ba, don tsoron bulala ne ke sa su ɓoye. In abin ya faru, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, kada a tsaya ƙona gashin kare ana shafawa, a kai yaron asibiti a ranar.