Tsohon Ƙarfe da Sabon Fenti: Daga Kindasar Jidda Zuwa Tsohuwar Tarakta

Duk alhajin da ya sauka Jidda, ya kuma samu sukunin zaga gari kafin ya wuce Makka, ba zai rasa ganin manyan siffofi na ƙarfe da na dutse da aka kakkafa a mahaɗar hanyoyi da bakin teku ba. Cikinsu akwai waɗanda baƙo kan ɗauka tarin bututu ne da tukwanen jirgi da aka manta ba a kwashe ba. Ragowar Kindasa ke nan, watau injin da ya fara tace wa mutanen Jidda ruwan teku su sha.

Jidda ta daɗe tana fama da ƙishirwa, ga Bahar Maliya a ƙofar gida amma ba ta shayuwa. A 1907, zamanin mulkin Turkawa, aka kafa injin da ke dafa ruwan gishiri da gawayin kwal, ya tara tururin ya zama ruwan daɗi. Sarki Abdul'aziz ya kawo waɗansu sababbi bayan da Hijaz ta shiga hannunsa. Da aka jawo ruwa daga Wadi Fatima a 1947, sai Kindasa ta rasa aiki, tsatsa ta shiga cinta. Magajin gari Muhammad Sa'id Farsi, wanda ya riƙe Jidda daga 1972 zuwa tsakiyar shekarun 1980, shi ya hana a zubar da ƙarafan, ya sa wani gwani ɗan ƙasar Sifen, Julio Lafuente, ya harhaɗa su suka zama abin kallo.

Ya kyauta, don ba domin shi ba da ko kusa ɗaya ba ta rage ba. Amma fa ƙarfen ne ya tsira, injin bai tsira ba. Yaron da ya tsaya gabansa yau ba zai gane ta ina ruwa ke shiga, ta ina yake fita ba. Wannan ita ce matsalar da ke gaban duk mai son raya tsohon inji: me za a bari, me za a sake, kuma ina iyakar da in an ƙetare ta abin ya zama wani abu dabam?

Ba inda aka fi tattauna wannan tambaya kamar tsakanin masu tara tsofaffin taraktocin noma a Ingila da Amurka da Ostareliya, kuma ɗaya daga cikin taraktocin da suka fi so ita ce ƙaramar Ferguson mai ruwan toka. An ƙera ta a Coventry daga 1946 zuwa 1956, fiye da rabin miliyan, kuma ita ce ta yaɗa dabarar Harry Ferguson ta ɗaura garma a bayan tarakta da hannuwa uku, mai ya ɗaga ta ya sauke. Da farko burin kowane mai gyara shi ne ya kwance ta kaf, ya kankare ƙarfen da feshin yashi, ya shafa fenti mai sheƙi, har ta fi ranar da ta bar masana'anta kyau. Yanzu ra'ayi ya juya. Sau da yawa a wurin gwanjo masana sukan wuce mai sheƙin su tsaya kan wadda fentinta ya koɗe, sitiyarinta ya side saboda hannun manomi, domin kowane mai kuɗi yana iya sayen fenti, amma fentin farko in an kankare shi ya tafi ke nan.

Abin da mai saye kan fara dubawa shi ne ɗan allon ƙarfe mai lamba da ke kusa da sitiyari, da lambar da aka buga a jikin injin. Su ne ke faɗin shekarar ƙira da irin taraktar, ko mai shan fetur ce, ko mai kananzir, ko mai gas. Na farkon farko da injin Continental na Amurka suka fito, kafin a koma injin kamfanin Standard. Saboda haka wanda ya ɗora wa tsohuwar injin ƙanwarta, ya samu abin hawa amma ya yi asarar shaida. Haka wanda ya shafa mata ja don ta yi kama da Massey Ferguson, alhali kuwa wannan suna da wannan launi daga baya suka zo.

Ba a ce kada a taɓa kome ba. Taya da birki da ruɓaɓɓun wayoyi da robobin da ke hana mai yoyo tilas a sake su, don rai ya fi tarihi. Sharaɗin dai shi ne a ɗauki hoto kafin a kwance, a rubuta abin da aka yi, a adana tsohon ƙarfen da aka cire a bi taraktar da shi duk inda aka sayar da ita, kuma kada a yi aikin da ba za a iya warware shi gobe ba. Abin da ya gyaru a gyara shi maimakon a sayo sabo. Tsatsar da ke fuska kawai, wankewa da shafa mai ko kakin zuma sun isa su tsayar da ita. Wadda ta huda ƙarfe ce ke bukatar walda.

Akwai kuma wani abu mai wuyar sha'ani, watau asali ba kullum yake nufin yadda abu ya fito daga masana'anta ba. Taraktocin Ferguson uku da Edmund Hillary ya kai ƙurewar kudancin duniya ranar 4 ga Janairu, 1958, an ɗaura musu sarƙa a ƙafafu da rumfar kare sanyi. An adana ɗaya a gidan kayan tarihi na Canterbury a ƙasar Niyu Zilan. Wanda zai cire wannan sarƙa don ya mayar da ita daidai da littafin kamfani, ya cire abin da ya sa ake zuwa kallonta. Ta haka nan facin da bakanike ya yi wa tarakta a Funtuwa ko Maraɗi da ƙarfen da ya samu a kasuwa, yana iya zama abin da ya fi kome ba da labari a jikinta.

Jidda kanta ta koyi wannan darasi a gidajenta. Tsohon garin, wanda ake kira Balad, da dutsen murjani na gaɓar teku aka gina shi, ana jera katako tsakanin sahun duwatsu, a yaɓe da farar ƙasa, a sa tagogin katako masu sassaƙa da ake kira rawashin. Masu gidaje da yawa, da kyakkyawar niyya, suka yaɓe bangon da siminti don ya yi ƙarfi. Simintin ya kulle laima da gishiri a ciki, dutsen ya riƙa rugurgujewa a ɓoye, kamar yadda sabon fenti kan rufe tsatsa tana ci a ƙarƙashi. Tun da Hukumar UNESCO ta sa Balad cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, aikin masu gyara ya haɗa da ɓamɓare wannan siminti a koma farar ƙasa. A 2019 aka ware riyal miliyan 50 don ceto gidaje 56 da ke gab da faɗuwa.

Manomin da taraktarsa ke huɗa har yanzu, ba wanda zai zarge shi in ya sa mata abin da ya samu, tunda damina ba ta jiran a nemo kusar asali. Maganar ta shafi ranar da ta gama aiki ne, aka jingine ta bayan rumbu, masu sayen tsohon ƙarfe suka fara zagayawa da sikeli. A ranar, allon lambar da ke kusa da sitiyari shi ne abu na farko da ya kamata a tabbatar yana nan, domin yara sukan ɓalle shi su yi wasa.