Fulogi, kwayil da biren-bokis: gaskiya da jita-jitar gareji

Yawancin abin da ake faɗa a gareji game da wutar inji ya taɓa zama gaskiya, a zamanin Fijo 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Waccan mota kwayil ɗaya gare ta, sai distiribita mai rarraba wuta ga fulogi huɗu, sai kontak da ke cinyewa ana gogewa. Corolla ko Accord ta bayan shekarar 2003 ba haka take ba. Kowane fulogi da kwayil ɗinsa zaune a kansa, kuma biren-bokis, wato kwamfutar motar, ce ke yanke lokacin da wuta za ta tashi, bisa saƙon da sansa ke aiko mata daga karanshaf. Mota ta sauya, hannun masu gyara da yawa bai sauya ba.

Shi ya sa duk wanda ya ce zai "saita maka taimin" da kunne a irin wannan mota, riƙe kuɗinka. Babu distiribitar da zai murɗa.

Maganar da ta fi yawo ita ce sai an canja fulogi duk lokacin da aka juye baƙin mai. Ba haka ba ne. Fulogi na gama-gari yakan kai kusan kilomita 30,000, mai bakin iridiyam kuwa yakan yi 100,000 ko fiye. Sharaɗin dai shi ne ya zama na asali. Jabun NGK da Denso sun cika kasuwa, har kamfanonin da kansu suna gargaɗi a kai, kuma jabu na iya cinyewa cikin 'yan watanni. Ina ganin daga nan jita-jitar ke samun ƙarfi: mutum ya sayi na banza, ya mutu da wuri, sai ya ɗauka haka fulogi yake.

Gogewa da sanfefa fa? Ga tsohon fulogi mai kaurin baki, ba laifi. Amma ɗauki na iridiyam ka duba da kyau. Tsinin tsakiyarsa bai kai milimita ɗaya ba, siriri kamar bakin allura. Yaron gareji ya kama shi da sanfefa, ko ya buga shi a kan ƙarfe wai yana matse tazara, to ya gama da shi. Haka nan zancen cewa iridiyam na ƙara gudu ko rage shan mai: idan ka cire fulogin da ya gaji ka sa sabo, kowane iri ne, za ka ji bambanci. Abin da kuɗinka ke saya a iridiyam daɗewa ce. Fulogi mai ƙafa uku ko huɗu ma ba ya ba da tartsatsi huɗu. Wuta ƙafa ɗaya take zaɓa a kowane bugu.

Akwai inda masu gareji suka yi daidai. Tsohon fulogi yana kashe kwayil, wannan gaskiya ne. Aikin kwayil shi ne ɗaga wutar batir daga bolt 12 zuwa dubu ashirin ko sama da haka. Idan bakin fulogi ya cinye, tazara ta buɗe, dole kwayil ya ƙara yunƙuri kafin tartsatsi ya tsallaka, yana zafi har ya ƙone. Gaskiya ne kuma cewa wanke inji da ruwa mai ƙarfi na jawo misin, wato silinda ta riƙa kasa kama wuta, domin ruwa na sauka cikin ramin fulogi. Baƙin mai ma yana taruwa a nan idan robar murfin inji ta saki. In ka zaro kwayil ka ga gindinsa jiƙe da mai, robar ce matsalar, ba fulogin ba.

Idan kwayil ɗaya ya mutu, ba dole ba ne a sayi huɗu. Tun 1996 motocin da aka yi wa kasuwar Amurka ke ɗauke da soket ɗin OBD-II, kuma na'urar sikanin za ta nuna silindar da ke misin: P0301 ta farko, P0302 ta biyu. Ƙwararren rewaya sai ya musanya kwayil ɗin da na maƙwabciyarta. Matsalar ta bi shi, an kama ɓarawo. Ta tsaya inda take, a duba fulogi ko nozul.

Abu biyu ne suka fi cin kuɗin mutane. Na farko, cire kan batir inji na aiki don a gwada altaneta. A 504 an sha yi an kwana lafiya. A motar yau wutar da ke tsalle a wannan lokaci na iya ƙona biren-bokis, alhali mita ce kawai ake buƙata, ta nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5. Na biyu, cewa fitilar "check" ado ce, har wasu na cire ƙwanta. In ta tsaya cak, kana da lokacin kai mota a duba. In tana ƙyaftawa, misin ne mai tsanani: fetur ɗin da bai ƙone ba yana gangarawa salansa, yana ƙonewa cikin katalis, wanda 'yan gareji ke kira indomi, har ya narkar da shi. Fulogin da za ka saya da ɗan kuɗi kaɗan sai ya jawo maka gyaran da ya ninka shi sau da yawa.

In za a canja fulogi, a bari inji ya huce, a fara ɗaura fulogin da hannu kafin a sa sifana, domin kan injin alminiyam ne, zarensa ba ya jure ƙarfi.