Abubuwan da ya kamata ka sani game da gyaran alƙaluman hoton PET na ɓeraye

Kafin sabon maganin kansa ya kai ga ɗan Adam, akan fara gwada shi a jikin ɓera. Na'urar PET ce ke nuna wa masu bincike ko ƙari ya fara lafawa ba tare da an yanka dabbar ba. Sai dai alƙaluman da take bayarwa game da ƙananan gaɓoɓi sukan gaza ainihin abin da ke ciki.

Yaya na'urar take aiki?

Ana yi wa ɓeran allurar FDG, wani nau'in sukari da aka haɗa da fulorin-18 mai fitar da tururin nukiliya, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk bayan kimanin minti 110. Ƙwayoyin kansa sun fi lafiyayyu cin sukari, don haka wurinsu ya fi haske. Da ƙarfin wannan haske ake auna aikin magani.

Daga ina kuskuren yake fitowa?

Na'urar ɓeraye tana rarrabe abu ne daga milimita 1 zuwa 2, alhali kaurin bangon zuciyar ɓera bai wuce kimanin milimita 1 ba. Duk abin da faɗinsa bai ninka wannan iyaka sau biyu zuwa uku ba, haskensa yakan bazu, kamar ɗigon shuni a jiƙaƙƙen yadi. Ta haka ƙaramin ƙari yakan fito da ƙarancin haske, gaɓar da ke maƙwabtaka da mafitsara kuma ta ɗauki hasken da ba nata ba. Illar a nan babba ce: ƙarin da ya motse zai yi kamar ya rage cin sukari, ko da ƙwayoyinsa ba su sauya ba. Edward Hoffman da abokan aikinsa sun fayyace wannan matsala ta ƙarancin hasken ƙananan abubuwa tun 1979.

Ta yaya ake gyarawa?

Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki hoton robar gwaji ta NEMA NU 4-2008, mai bututu biyar masu faɗin milimita 1 zuwa 5, a ga kashi nawa na hasken ya ɓace a kowanne, sannan a cike giɓin. Ta biyu, wadda wani mai bincike, Rousset, ya gabatar a 1998, tana amfani da hoton MRI ko CT don shata iyakar kowace gaɓa, a lissafa abin da ya tsallaka daga wannan zuwa waccan. Ta uku kuwa, kwamfuta ce ke cire bazuwar da lissafi.

Shin gyaran ba shi da illa?

Yana da ita. Yakan ƙara ɗige-ɗigen da ke gurɓata hoto, kuma idan hoton PET da na MRI ko CT suka goce wa juna, lissafin ya ɓaci. Shi ya sa duk mai karanta sakamakon irin wannan bincike ya kamata ya duba ko an yi gyaran, da wace hanya, da kuma girman ƙarin da aka auna.